Haruffa Bakwai

Bayan La'asar, a Aboabo,
gaban shagon Munkaila mai gyaran rediyo,
muke ɗora allon bisa kifaffen kwali.
Motoci na wucewa, yaran mota na ihun Kejetia,
mu ko ɗaga kai ba ma yi.

Ƙamus a hannun Ticha Ofori yake,
jan littafi, bangonsa ya daɗe da tafiya,
an ɗaure shi da roba kamar damin kuɗi.
Shekara talatin yana koyar da Turanci,
yanzu yana cin fansho,
yana kuma cina.

Jakar haruffan tsohuwar safa ce.
Q ta ɓace ranar da ruwa ya kore mu,
Munkaila ya yanko kwalin sukari ya rubuta wata.
Yatsa na gane ta tun a cikin duhu,
kowa na kauce mata kamar mai bin sa bashi.

Na haddace kalmomi masu harafi biyu
yadda ake haddace lambar waya,
ban taɓa zuwa gidan ko ɗaya ba.
Ticha ya ce wannan kuɗin wata ƙasa ne,
waccan dutse ne da ya narke ya daskare.
Na ce to, in dai tana biya.
Mai farautar maki ba ya tambayar asali.

Ran Laraba na tsoma hannu na ɗebo bakwai,
na jera su kan ɗan katako, ina juyawa
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Z ta dawo gaba. U ta bi ta.
M, wata U, N, C, I.

Zumunci.

Ga shi zaune a gabana, cif, ba ragi,
bakwai ɗin da ke kawo kyautar hamsin,
ga kuma gurbi a allo, buɗe kamar ƙofar zaure.
Na ajiye su ɗaya bayan ɗaya.
Munkaila ya rage muryar rediyo.

Ticha ya gyara tabarau. A Zango ya girma,
Hausarsa ta fi ta 'ya'yana.
Ya karanta a fili, bai yi tuntuɓe ba,
sannan ya kwance roba, ya lashi yatsa,
ya bi shafin Z daga sama har ƙasa,
a hankali, kamar mai neman suna a jerin matattu.
Ya ce, "Inusa, ba ya ciki."
Na ce, "Duba dai."
Ya ce, "Na san shi. Littafin ne bai san shi ba."

Na kwashe abina.
Da biyar daga ciki na haɗa CUMIN,
maki tara kacal.
Na tambayi ma'ana, karon farko a raina.
Ya ce ɗan yaji ne, ana barbaɗa wa miya.
Wato abin da na ɗauko in ciyar da unguwa
ya koma ɗanɗano a bakin cokali.

Saura Z da U a hannuna
har aka kira Magariba.
Sha ɗaya aka zaftare mini a kansu.
Na dube su: farkon zuwa, farkon zuciya,
farkon zufar da ke bin wuyana.

Wata uku bayan nan ƙafa ta kwantar da ni.
Ran Asabar na ji sanda na ƙwanƙwasa dakali.
Ticha ne, da lemo shida a leda
da jan littafin a hammata.
Bai ce sannu ba, bai iya ta ba ko da Twi.
Ya shimfiɗa allo a gefen katifa,
ya miƙo mini safar.

Da ya fita wanke hannu na kwance robar.
Can ƙasan shafin Z, da fensir,
cikin rubutunsa mai karkata irin na allon aji,
haruffa bakwai.
Bai sa ma'ana a gabansu ba.

Ya dawo ya cinye ni da maki tamanin da huɗu.