Kwarmin Dutse

Da asuba nake buɗe firijin asibitinmu na Garin Malam,
in duba ma'aunin sanyi tun ban duba fuskata ba.
Wuta ta ɗauke jiya har sau uku.
Kwalaben sun kwana lafiya, ni ce ban kwana ba.

Tsahara ta zo da goyo, katin rigakafi a hannu,
gefensa ya sha man gyaɗa.
"Ai ya yi ƙyanda bara, ya tashi," in ji ta,
"me kuma za ki soka masa?"

Na ce, zauna, benci bai ci kowa ba.
Ƙyanda kam ya gama da ita.
Jinin da ya gan ta sau ɗaya
zai gane ta ko da furfura ta cika masa kai.
Sai dai ba ta fita hannu rabbana:
takan yage shafuka daga littafin jiki,
abin da yaro ya haddace kafin zuwanta
wani sai ya sake biya shi daga farko.
Kuma kin san kuɗin makarantarta.
Ɗan maƙwabciyarki ya biya da idonsa na dama.

Ta yi shiru. Ɗan ya kama igiyar wuyana yana ja.

Kakata Gambo tana da lamba a damtse,
tabo kamar ɗan kwabo,
tun zamanin da agana ke shiga gari ta fita da kyawun mutane.
Sau ɗaya aka tsaga ta.
Har ta rasu tana nuna mana wurin,
tana cewa nan ne jikinta ya yi rantsuwa.

Mura ba haka take ba.
Jiki ya riƙe kamanninta sarai,
ita ce ke sake zane, ta sake murya,
ta yi sallama kamar baƙuwa daga Magarya,
a shimfiɗa mata tabarma.

A shekarar takunkumi kowa ya tambaye ni,
har mai shayin bakin ƙofa:
wanda ya yi ya warke, kwana nawa ke gare shi?
Na ce ban sani ba.
Masu bincike ma ƙirga watanni suke, suna gogewa, suna sakewa.
Abin da na koya kaɗan ne:
masu gadin bakin ƙofa sukan ragu da tafiyar watanni,
amma can cikin ɓargo akwai tsofaffi
da ba sa magana, ba sa kuma mantuwa.
Ɓarawo na iya tsallake katanga,
kafin ya kai ɗaki an tashe su.

Hau duwatsun Birni bayan ruwan sama, Tsahara, ki gani.
Wani kwarmi zai riƙe ruwansa har a yanke gero,
wani kafin la'asar ya bushe, ƙadangare ya kwanta ciki.
Girgije ɗaya ya zuba musu.
Mu 'yan Damagaram, wa zai koya mana komawa famfo?
Ba don jiya ba mu sha ba.

Ta kwance goyon.
Ya yi kukan da ya kamata, ya manta da ni a kan nono.
Na rubuta ranar dawowa da jan biro,
na ce Laraba ce, kada ki ce ban faɗa ba.

Da yamma na ƙirga kwalaben da suka ƙare: goma sha tara.
Sunaye bakwai a rajista ba su dawo ba.
Gobe Ma'azu zai ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan babur,
mu wuce Mirriya, mu bi yashi,
mu je mu tuna wa jinin yara abin da ya fara ji.

Na naɗe hannun rigata, na duba nawa katin.
Ni ma akwai layi ɗaya da ba a cike ba.