Tumfafiyoyin Gefen Dogo

Bayan garin Madurai, inda layin dogo ya karkata kudu,
akwai tumfafiya sittin da uku.
Ni na ƙidaya su,
na ɗaura wa kowacce jan ƙyalle da lamba,
daga tsohon zanen innata na yaga.

Ba wanda ya aike ni.
A kwaleji Malama Vasuki ta ɗaga gira ta ce,
"Ilakkiya, kuɗin bincike na manya ne.
Ga madubin ƙara girma, ki dawo da shi ba tsaga."
Jarina ke nan: madubi, keke, littafi mai shuɗin bango.

Tambayata ƙarama ce kamar ƙwan da nake nema:
macen malam-buɗe-littafi,
wane ganye take zaɓa, kuma don me?
Takan sauka ta bubbuga shi da ƙafa
kamar mai sayen kankana,
ashe da ƙafar take ɗanɗano.
Ta ƙi wannan, ta ƙi wancan,
ta lanƙwashe ta ajiye ƙwai ɗaya tak a ƙarƙashi,
bai kai ƙwayar gero ba.

Tumfafiya tana da farin jini a jijiya,
ba ta da shi a wurin awaki.
Ɗaci ne, dafi ne mai liƙe baki.
Tsutsar da aka ƙyanƙyashe jiya ta san haka ba malami:
ta yanka da'ira a jikin ganye,
ta bar nonon ya tsiyaye,
ta zauna tsakiya ta ci abinta.
Ɗan dafin da ta haɗiya kuwa ajiya ne,
tsuntsun da ya gwada ba ya ƙarawa.

Mai tsaron ƙofar jirgi, Baba Periyasami,
ya ɗauka magani nake tsinka.
Tun da ya leƙa madubin
ya daina gaishe ni sai da lamba:
"Ta sha bakwai ta yi baƙi uku yau."
Ya sauke sanda, jirgin takwas da kwata ya wuce,
fasinjoji na kallon yarinya durƙushe a ciyawa
kamar ta yar da ɗan kunne.

Mako tara, lambobi suka ƙi magana.
Na jera su a kwamfutar ɗakin karatu
suka watse kamar shinkafar da kaji suka samu.

Wata Talata ma'aikatan dogo suka zo da adduna.
Kafin in iso sun share gefen kudu tas,
talatin da ɗaya a kwance suna zubar da fari,
jajayen ƙyallayena cikin tari.
Na kasa sauka daga keke.
Baba ya miƙo shayi a kofin ƙarfe,
sai can ya ce, "Na roƙe su. Takarda ce daga sama."

Kwana ashirin ban taka wurin ba.
Shi ya tare ƙanena a hanya:
"Ka ce mata ta zo da littafin."

Kututture sun yi toho,
mai laushi, toka-toka, kamar kunnen ɗan maraƙi,
kuma ƙarƙashin kusan kowanne, ƙwai.
Ɗari da sha huɗu a gefen da aka sare,
tara a gefen da aka bari.
Na sake ƙirgawa don hannuna yana rawa.

Malama Vasuki ta karanta ta ce,
"Shekara ɗaya ce, wuri ɗaya.
Kada ki rubuta saboda. Rubuta wataƙila."
Na rubuta wataƙila sau shida.
Madubin na mayar, da 'yar tsaga a gefe.

Yau da safe na bi ta wurin ba aiki.
Wata mai ruwan lemo, baƙin gefe, ɗigon fari,
ta sauka kan ta ashirin da biyu,
ta buɗe, ta rufe, ta buɗe.
Na karanta abin da na iya kafin jirgi ya zo.