'Yan Haya a Gidan Tana

Da asuba ruwa ya janye daga bakin kogin Ems,
ya bar laka tsirara har iyakar gani.
Okke ya shiga da cebur da bokiti,
ni da rariya da kwalabe goma sha biyu.
Shi tanar teku yake haƙa don ƙugiyarsa,
ni maƙwabtanta nake nema.

Ga tulin yashi murɗaɗɗe kamar igiyar da aka yar,
taki ɗaya gaba, ga ɗan loɓawa.
Tsakaninsu, can ƙasa, tana kwance a lanƙwashe,
tana haɗiyar ƙasa, tana zuƙo ruwa,
ba ta san sunan kowa ba.

Cebur ya tsaga. Baƙi ƙirin,
warin ruɓaɓɓen ƙwai ya daki hanci.
Amma duk inda raminta ya ratsa
bango ya yi launin tsatsa:
nan numfashi ya sauka,
nan gari ya kafu.

Da dare na ɗora ɗigo ɗaya ƙarƙashin madubi.
Masu kama da zare suna wutsil-wutsil,
masu ƙafafu kamar gashin ido suna tsalle,
wata mai sulɓi ta ratsa tsakanin ƙwayar yashi biyu
kamar mai bin lungun da ta haddace.
Na ƙirga ɗari uku da bakwai, shayina ya huce.

Kada a ce mai gidan waliyyiya ce.
Na bakin ƙofa takan haɗiye su da tsakuwa,
na bayan gida ta binne su da rai,
masu ginin ƙananan ramuka kuwa
sun gaji da rushewar ɗaki, sun yi ƙaura.
Inuwar da ta rufe wani
ita ta danne wani.

Bara na shimfiɗa raga a ƙarƙashin yashi,
na hana ta shiga fili ɗaya.
Kafin sanyi ya dawo wurin ya toshe,
ya yi santsi, ya yi shiru daga ƙasa.

Na gaya wa Okke. Ya goge hannu a wando.
"Tjarda," ya ce, "shekara arba'in ina kwashe masu gida,
ban taɓa tambayar 'yan haya ba."
Ya dubi bokitin. Bai zubar ba.
Amma ramin ƙarshe da ya haƙa,
na ga ya mayar da ƙasarsa da ƙafa, a hankali,
ruwa kuwa ya riga ya taɓo mana idon sawu.