Hekta Ɗaya da Rabi

Ubana Dioscoro ya shekara arba'in da ɗaya
yana saran raken da ko gaɓa ɗaya ba tasa ba ce.
Kaifin ganye ya zane masa damatsa
kamar wanda aka yi wa lissafi a jiki.
A nan Negros, idan injin sukari ya yi shiru,
wata huɗu tukunya ma shiru take yi,
sai mu nufi kantin gidan Don Anselmo,
inda ake auna shinkafa da gwangwani
a rubuta ta da kwano.

Masu awo sun zo ran Talata, cikin ruwa.
Wata mata da takalmin roba har gwiwa
ta ja igiya daga bakin rafi zuwa gindin gora,
ta kafa turaku huɗu masu jan kai.
Hekta ɗaya da rabi, in ji ta.
Ubana ya waiga bayansa
ya ga ko da wani take.

A ofishin gunduma aka ce ya dangwala.
Sau uku yana dangwalawa, takarda ba ta kama ba:
ƙotar adda ta cinye zanen yatsansa tuntuni.
Magatakarda ya yi dariya, sannan ya daina.
Da ɗan ƙaramin yatsa aka ƙarasa.
Inna ta naɗe takardar a leda biyu,
ta sa a gwangwanin biskit, can saman rufi,
inda ambaliyar bara ba ta kai ba.

To, takarda ba ta huɗa.
Ba ta da ƙaho, ba ta jan garma,
ba ta san kuɗin taki ba.
Hanyar da za ta fitar da amfani
har yanzu ta ƙofar Don take bi, akwai mai gadi.
Kafin wata ya mutu sai ga Procopio, wakilin gida,
da murmushi da ambulan:
a ba su hayar shekara biyar, kuɗi hannu,
ka koma saranka kamar da, ba ruwanka da asara.

Cikin gida goma sha huɗu, tara sun karɓa.
Ban zarge su ba.
Ɗan Teofista yana asibitin Bacolod,
kuma ciwo ba ya jiran rogo ya nuna.

Ubana bai ce e ba, bai ce a'a ba.
Ya ba baƙo kofi, ya raka shi bakin turke.
Da gari ya waye ya hau tumɓuke kututturen rake,
saiwa mai taurin kai, ta fi shi daɗewa a wurin.
Mu gida biyar muka haɗa kuɗin bauna ɗaya,
tsohuwa, mai ido guda,
muna karɓa-karɓa, muna faɗa a kan ranar Alhamis.
Dankali, kuɓewa, masara layi shida.
Guguwa ta kwashe masarar.
Dankalin yana ƙasa, bai ji labari ba.

A kusurwar gabas ya binne kwakwa uku.
Na ce, Baba, shekara nawa kafin ta haihu?
Ya ce, shi ya sa.
Wanda za a iya kora gobe
ba ya dasa abin da ya wuce wata uku.

Bashin kanti yana nan, muna ɓantararsa.
Ba mu yi arziki ba, kada wani ya faɗa muku haka.

Amma jiya da asuba ƙararrawar gandu ta buga,
na ji shi ya zabura cikin duhu,
hannunsa ya riga shi isa ga adda.
Ya tsaya.
Na ji gadon gora ya sake yin ƙara.
Sai da rana ta taɓa jan kan turke
ya fito, yana hura kofinsa,
ya makara da gangan.