Harafi Biyu, Harafi Uku

Malam Tanimu ya ce kafin Alhamis
in kawo ma'anoni ashirin cikin Turanci,
don ɗan ƙamus na abubuwan Zazzau.
Ya buga alli a allo, ya ce: ma'ana ba ta tsufa,
ku tsai da aikatau a lokacin yanzu,
yadda ake cewa rana tana fitowa daga gabas.

A ɗakina na Samaru na fara.
Tsamiya ba ta ba ni wuya ba.
Kubanni ma, ko rani ya tsotse shi, kogi ne.
Sai na iso ga karofi,
biro ya tsaya cak.

A bakinmu sai ka ce "rami ne", ka wuce abinka.
"Ne" ba ta ɗaura agogo,
ba ruwanta da jiya ko yau.
Turanci kuwa ya tare ƙofa kamar mai karɓar haraji:
ga kalma mai harafi biyu,
ga mai harafi uku,
zaɓi ɗaya.
Ta farko ta ce abin yana numfashi,
ta biyun tana tafe da likkafani a hammata.

Ran Asabar na shiga birni ta Ƙofar Doka.
Ramukan kakana goma sha biyu,
na ƙirga su da ƙafa:
wannan leda ta cika shi,
wancan an daɓe an aza shagon cajin waya,
akuya ta haihu a bakin na bakwai.
A na ƙarshe na tarar da Kawu Barau
tsugune, hannu cikin baba har gwiwa,
kumfa na juyawa a hankali.

Na ce, Kawu, Turanci na tambaya:
kana nan ko ka wuce?
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
Ya ce, ki gaya masa ya zo gobe da hantsi,
akwai turmi biyu na wata mata a Tudun Wada,
ya taya ni matsewa.

Da dare na rubuta mai harafi biyu.
Malam ya ja jan biro, ya ce madalla,
kin riƙe doka.
Na yi shiru.
Na tura hannu cikin hijabi
don kada ya ga shuɗin da ya maƙale a farcena.