Shafi na Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Hoton takardu nake yi a bakin ƙofar Kongo,
naira hamsin shafi, in an ɗauke wuta saba'in.
Ba na karanta takardar mutane, ƙa'idata ke nan.
Amma ran Laraba Barista Cindo ta dire kwali a teburina,
ta ce, "Kwafi uku, Tanimu, kafin la'asar."
Ana tsakiyar aiki injin ya cije takarda,
na zaro ta a hankali,
sai ga taswira.

Na san wannan lanƙwasar.
Nan rafi ke karya kwana a bayan gonar Baba Jatau,
nan muke jera kwandunan tumatir kafin motar kudu ta iso.
Su sun rubuta Yanki na Huɗu.
Mu Gangaren Kanya muke ce masa.

Shekara tara ke nan da zuwansu,
da takardar izini mai jan tambari.
Mai'unguwa ya samu agogon bango,
makaranta ta samu benci arba'in.
Daga nan dutse ya fara tari cikin dare, ɗakuna na tsagewa,
ruwan rijiya ya ɗauki ɗanɗanon tsohon kwabo,
awaki suka yi ta ɓari.
Ɗan Lantana ya cika biyar bai taɓa cewa Inna ba.
Mata suka shimfiɗa tabarmi a kan hanyar tifa,
kwana sha shida suna girki a tsakiyar titi,
har gwamnati ta ji nauyi, ta soke izinin.
Aka yi guɗa. Ni na sayi lemo kiret biyu.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Kamfani ya kai gwamnati ƙara,
ba a Zariya ba, ba a Kaduna ba,
a wani ɗaki can bayan teku,
gaban alƙalai uku da ba su taɓa jan guga ba.
Ba kuɗin da suka kashe suke nema ba,
ribar shekara talatin ce, wadda da sun ci.
Kuɗin nonon saniyar da uwarta ma ba a haifa ba.
Na bi sifilin da ɗan yatsa,
na ɓata, na koma farko.

Na karya ƙa'ida.
Shafi ɗari shida na bi da guntun Turancina ina neman sunanmu.
Akwai nauyin dutse, akwai farashin dala,
akwai tayar mota guda huɗu da aka sace.
A shafi na ɗari biyu da sha ɗaya na same mu,
layi biyu:
tarzomar wasu mazauna wurin ta hana aiki.
Innata na cikin layin nan,
da hannun da ɗan sanda ya murɗe, har yau ba ya tuƙa tuwo.

Na ce, "Barista, yaushe za a kira mu?"
Ta cire tabarau ta murza ido.
"Ba kwa cikin shari'ar. Wasiƙa za mu aika,
in sun ga dama su buɗe."
"In gwamnati ta faɗi fa?"
"Baitulmali zai biya."
Wato asibitin da babu magani,
wato ɗan Lantana ma da kasonsa a bashin.
Ga mari, ga tsinka jaka.

Da ta tafi na buga kwafi na huɗu daga aljihuna,
na sa jan biro na soke Yanki na Huɗu,
na rubuta sunan da kakanni suka raɗa.
Ran Juma'a na kai gida, na karanta a gindin kanya,
ina fassarawa, ina tuntuɓe.
Baba Jatau ya saurara har inuwa ta juya,
sannan ya nuna ramin da sanda,
ruwan cikinsa kore shar, yara na jifan kwaɗi a gefe.
Ya ce, "To duba mana,
a wane shafi suka ce za su rufe wancan?"

Na lashi yatsa, na fara buɗawa daga farko.