Jinga

Lantana ta dawo da jinga daga makaranta,
kalmomin Turanci bakwai, a sa su a jimla kafin Litinin.
Ta baje littafin a kan teburin ɗinkina,
tsakanin almakashi da shaddar mutane,
ta ce, Baba, mece ce diskoba?

Na ce, ganowa.
Kamar yadda na gano allurata jiya a ƙarƙashin tabarma.
Ta ce, to ashe kogi ma yakan ɓata?
Ga shi an ce wani ya taso daga bayan teku ya gano shi.

Ƙafata ta tsaya a kan keke.
Ni dai ban ji ranar da aka yi cigiyar Dilimi ba.
Abin da na ji daga kakar Kaneng, maƙwabciyarmu,
uwarta tana wanke acca a bakin ruwan
sa'ad da baƙon ya iso a cikin amuku,
ƙarti huɗu na nishi a ƙarƙashinsa.
Ya tambayi sunan ruwan, aka gaya masa,
ya rubuta.

Ta biyu esfulora,
wai mai kutsawa ƙasar da ba a sani ba.
Wa bai sani ba?
Baƙo makaho ne ko da idanunsa,
dole wani ya riƙe masa sanda.
Na ce ta duba mini sunan ɗan jagoran.
Ta bi layi da yatsa har ƙarshen shafi,
ta ce, an dai ce da wasu 'yan ƙasa.

Akwai wata doguwa, harshena ya kasa ɗaukarta,
fassararta wai kariya.
Na yi dariya har zare ya tsinke.
Shirwa ma ai takan buɗe fukafukai a kan 'yan tsaki.

Ban so in kawo maganar Sallau ba,
yarinya ce, ga dare, ga sanyin Gangare ya fara shigowa ta ƙofa.
Amma kalmar jinga ta tsaya mini a maƙogwaro.
Kakana ne. Daga Kazaure aka kwaso su a diban gwamna,
da riga ɗaya, zuwa ramukan kuza na Bukuru.
Shi ma jinga aka ba shi:
kwanon sarki a ka, hawa da sauka,
heluma na ƙirga har la'asar sakaliya.
Gashin tsakiyar kansa bai sake tsirowa ba.
Tari ya ɗauke shi kafin a haifi babana da wata biyu.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
A cikin bakwai ɗin nan babu kalmar da ta san shi.

Ta ƙarshe mamoriyal, abin tunawa.
Gunki, ko allon tagulla, ko sunan titi.
Na ce, su kam sun samu,
har dankalin da muke soyawa da safe nasu ake ce masa.
Ta ce, mu fa?
Na ce, ran Asabar zan kai ki hanyar Barikin Ladi
ki ga tafkunan da suka bari,
ruwa kore shar, baki ja kamar miki,
ba wanda ya san zurfinsu
sai yaran da suka shiga wanka ba su fito ba.

Ta tauna gindin fensir.
To Baba, me zan rubuta?
Na ce, rubuta abin da malama ke so,
kuɗin makaranta ba a bishiya nake tsinko shi ba.

Ta rubuta da kyakkyawan hannu:
Bature ya gano kogi.
Na mayar da zare a allura, ina satar kallonta.
Sai ga shi ta sunkuya, ta kāre da tafin hannu,
ta ƙara a ƙasa, ƙanana ƙanana:
bayan an nuna masa.

Ban ce ta goge ba.
Aka ɗauke wuta, na laluba ashana,
wuyan rigar Alhaji Mato na jirana tun azahar.